Yadda Haruna Yake Sauke Inji

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Haruna, ɗan ƙanen mahaifina. Abin da ke wuyansa ba shi da yawa: mata, 'ya'ya mata biyu, tsohuwarsa a ƙauyenmu kusa da Rusairis, wata hawasha, wato gonar ban-ruwa, ta haya a Managil, da aikinsa. Sai ni, idan ana lissafa irina.

Ni dillalin riɗi ne. Ban yi boko ba, kasuwa ce ta yi ni. Shi kuwa mihandis ne, wato injiniya, a wani ƙaramin kamfani a Wad Madani, mai shafin intanet inda 'yan kasuwa ke neman motar ɗaukar kaya. Inji uku ne ke riƙe da shafin, suna kiransu saba, a wani ɗaki mai sanyi. A gabansu akwai na'urar da ke raba masu shigowa, wannan nan, wancan can.

Wata rana a tsakiyar kakar riɗi na biya masa mu je cin abinci, na tarar ɗaya daga cikin injinan ya fara ciwo, dole a sauke shi. Na ce ya zare waya mu tafi. Ya yi dariya, ya ce akwai mutane a ciki. Sai ya umarci mai rabawar ta daina tura sabbin baƙi wurin mara lafiyan, sauran biyun su ɗauke su. Waɗanda suka riga suka shiga kuwa aka bar su su gama abin da ya kawo su. Muna zaune muna kallo suna raguwa har saura mutum ɗaya, wani a Damazin, da alama da yatsa ɗaya yake rubutu.

Na ce, "Ya zol, kai mutumin nan, saboda mutum ɗaya abinci zai huce?"

Ya ce, "Yaya, shi bai san shi ɗaya ba ne. Kayansa na bakin hanya."

Sai da mutumin ya samu motarsa ya fita, Haruna ya kashe injin. Babu wanda ya buga waya yana ƙorafi, don babu wanda ya san an taɓa wani abu. A wurinsa aiki mai kyau ke nan.

Da likita ya gaya masa abin da ke hantarsa, bai gaya wa kowa ba sai daga baya. Na dai lura ya daina karɓar sabon alkawari. Ya mayar da hawashar hannun surukinsa tun kafin shuka. Ya ɗauko tsohuwa ya zaunar da ita gidan 'yar'uwarsa, ya ce don kusa da asibiti. A ofis ya bar wata abokiyar aikinsa tana yin komai, shi yana gefe yana shan shayi. Mutanen ƙauye da suka saba zuwa wurinsa neman hanyar asibiti ko makaranta, ya riƙa haɗa kowa da wani. Ranar da ya kwanta, babu abin da ya tsaya.

Ni ma ya gwada. Ya kai ni Hasahisa wurin wani dattijo mai sayar da hatsi, ya ce ga wanda zan riƙa hira da shi da Hausa. Ya san a Madani shi kaɗai ne nake buɗe baki da shi da harshen gida, don 'ya'yana da Larabci suke amsa mini. Na je wurin dattijon sau kaɗan. Mutumin kirki ne, amma bai san kakarmu ba, bai san abin da ke ba ni dariya ba.

Yau a waya ake neman mota, an ce injinan ma a wata ƙasa suke. Ina jin da ya gani zai yaba saurin, sannan ya tambaya wa ke duba ko akwai sauran mutum a ciki kafin a kashe.

Sana'ata auna kaya ce, to na auna. 'Yan matan na karatu, tsohuwa ta cika a hannun nata, hawasha na ba da dawa. Duk wanda ya dogara da Haruna ya tashi ba tare da asara ba. Ni kaɗai ne bai samo wa wuri ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da la'asar idan na rufe sito, nakan zauna a ƙofa har a kira magariba, ban yi magana da kowa ba. Allah ya jiƙansa.