Motar da Ta Sha Kuka

Ko yau aka tashe ni daga barci zan iya ba da labarin ranar da aka jawo motar Baba Mati zuwa garejinmu na Ƙanƙara. Zamanin da kuɗin man fetur suka cika ƙasa ne, muna aiki da wani kamfanin jigilar takin zamani. Ni makanike ne mai daraja ta biyu, wato ina da ikon kwance abu, amma ba ni da ikon yanke hukunci. Wannan sai fomen, Alhaji Sule.

A lokacin ba a cika wahalar gyara ba. Inji ya yi tari, sai a sauke shi a yi odar sabo. Ni kuwa abin yana ci mini rai.

Baba Mati tsohon direba ne. Ya ɗauko taki zai kai Sabuwa gabanin ruwan shuka, motar ta yi zafi sau uku kafin ya kai Faskari. Alhaji ko buɗe bonet bai yi ba ya ce tsufa ne, ya tuƙa ta ba ruwa har ya ƙona gaskit ɗin kan inji. Ya rubuta takardar sallama, ya ce bayan la'asar zai sa hannu. Na ga Baba Mati ya tsuguna gindin darbejiya yana jujjuya hularsa. Gida guda yake ciyarwa da wannan sitiyari.

Na roƙi Alhaji ya ba ni zuwa la'asar ɗin. Ya ce in na ɓata masa lokaci a banza, takarda biyu zai rubuta.

Ga yadda ake bin zafin injin dizal, ku yaran gareji ku riƙe. Na zaro sandar baƙin mai, man nan baƙi wul, bai yi fari kamar madara ba, ke nan ruwa bai shiga cikinsa ba. Na cika lagireto, na tayar da mota, babu kumfa a bakinsa, babu farin hayaƙi a salansa. Gaskit lafiya lau. Fanbel a ɗaure yake tamau. Da ta ɗauki zafi na kashe ta, na bi jikin lagireto da tafin hannu. Sama kamar wuta, tsakiya da ƙasa kuwa sanyi ƙalau. Ruwa ba ya sauka, wani abu ya toshe hanyarsa.

Na jira ta huce, na tara bokiti, na kwance tiyon ƙasa. Abin da ya zubo kore ne mai yauƙi, yana jan zare. Na kai hanci, sai na ji warin da duk wanda ya tashi da tuwon dawa ya sani. Dabara ce ta mutanenmu, in lagireto ya fara yoyo a daji, sai a zuba masa garin kuka ya liƙe ƙofar. Yana liƙewa, amma har da hanyoyin ruwan yake haɗawa.

Na tambayi Baba Mati, ya rantse bai taɓa zuba mata komai ba sai ruwa. Sai dai ya ce makon jiya yana kwance da zazzaɓi, wani ne ya kai ta garin Ruwan Godiya. Na san ko wane ne.

Na ɗauki bokitin na ajiye a ƙofar ofis. "Alhaji, gaskit bai ƙone ba. Ga abin da ke damunta."

Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ma'aikata sun taru.

"To mi ya sa ta toshe?" in ji shi a hankali. "Hannu biyu kaɗai na zuba."

Dariyar da aka yi, har shi sai da ya dara. Ya shiga ofis ya fito da takardar, ya yayyaga ta, ya je har gindin darbejiya ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar wannan lokacin ba, kuma tun ranar nake ganin girman Alhaji.

Muka wanke lagireto da ruwan zafi da soda, na liƙe yoyon da dalma. Washegari Baba Mati ya kai taki Sabuwa, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba.

Shi ya sa nake hana ku ɗora wa direba laifi kafin ku taɓa mota da hannunku. Baba Mati ya tuƙa motar nan har ya yi ritaya, da injinta na asali.