Ƙirjin Baba

Auta ake ce mata a gida, ko da yake an haifi biyu a bayanta. Sunan ya riga ya bi ta. Babanta kafinta ne, shagonsa na jikin gidan. Da ta samu gurbin karatun likita shi ya ƙera mata tebur, ƙafa ɗaya ta ɗan gaza, ya ce da gangan ne, don kada ta yi barci a kai.

A shekara ta huɗu malaminsu ya sa suka sauke wata manhaja a waya. Sautin bugun zuciya ne a ciki iri-iri, na mai lafiya da na maras lafiya. Ka saurara, ka zaɓi amsa, ta ba ka maki. A motar haya, a wajen wanke-wanke, waya na kunnen Auta. Sai Umma ta yi kira uku kafin ta waiwayo.

Wata Asabar da hantsi ta shiga shago da sabon abinta na sauraron ƙirji, tana neman wanda za ta gwada a kansa. Baba ya ajiye zarto ya ɗage riga.

"Bismilla, likita. Amma ban da allura."

Ta ɗora masa. Tsakanin bugu da bugu akwai wani huci, kamar iska na kutsawa ta ƙasan ƙofa. Ta san shi. Ko jiya ya fito mata a manhajar, ta kuwa ci.

"Baba, kana haki in ka yi tafiya?"

"Wa ya kai shekaruna bai yi haki ba?"

Ran Litinin ta kai shi asibitin da suke koyon aiki, ta sa farar rigarta ta shiga cikin 'yan ajinsu. Babban likitan zuciya ya saurari ƙirjin, ya yafito ɗalibai.

"Ku zo ku ji. Ba kullum ake samun mai fita tar haka ba."

Likitan bai san ko baban wane ne ba. Suka yi layi, ita ce ta biyar. Baba ya kalle ta zai yi magana, ya ga fuskarta, ya fasa. Ta saurara, likitan ya tambaye ta, ta faɗi sunan ciwon daidai.

"Madalla. Na gaba."

Wata bakwai Baba ya yi. Ranar da ya rasu ita ta riƙa shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarma tana kwashe kofuna. Goggonta ta ja ta gefe ta ce, "Ki yi kuka, 'yar nan, kada ya zame miki ciwo." Ta ce to. Kwana tara bayan nan ta zauna jarrabawa, ta ci.

Yanzu tana ɓangaren masu zuwa a duba su su koma gida, takan ga mutum arba'in kafin la'asar. Ma'aikatan jinya na yabonta, wai ba ta da faɗa, ba ta da hira. In Umma ta ce jikinta ba daɗi, Auta kan kira wata abokiyar aikinta ta zo gida ta duba ta, ita kuma ta jira a tsakar gida.