Alkasum Mai Rijiya a Ƙofar Surukinsa

Jawo tabarmarka nan kusa, in ba ka labarin Alkasum mai haƙar rijiya. Daga Tajaye har ƙauyukan Malbaza, da wuya ka jefa guga a rijiyar da bai shiga ba.

Tun yana saurayi ya kwaso ciwon sanyi a wajen cin rani. Ya haɗiyi kafso na masu tebur, ciwon ya lafa, ya ɗauka ya tafi. Sai da furfura ta fito, bayan babbar yunwar nan ta tamanin da huɗu, fitsari ya fara tsaya masa. Yakan daɗe a bayan danga, ya fito jiƙe da gumi, ya ce wa matarsa Shatu zafin rana ne.

To, gidan likita ɗaya ne a yankinsu, kuma majo, wato malamin asibitin da ke duba marasa lafiya, Mutari ne, mijin 'yarsa Balki. Ka san mu da suruki. Ko tuwo ba a ci a gabansa, balle a kwance mazagin wando.

Da Shatu ta matsa, ya je ya bi layi. Mutari na ganinsa ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Kaina ne ke ɗan sarawa."

Ya koma gida da asfirin.

Mutari dai ya ga yadda tsohon ke tafiya, ya gane, amma bakinsa ya yi nauyi. Ya aika ta bakin Balki cewa a kai Baba asibitin Galmi. Alkasum ya ƙi. Ya ce in ya tsallake ƙofar surukinsa, gari zai ce yaron bai iya aikinsa ba, ya zubar masa da mutunci ke nan.

Sai Mutari ya roƙi manyansa hutu, don a turo baƙo a madadinsa. Hutun bai fito ba sai ƙarshen damina.

Ranar da baƙon ya sauka, a amalanke aka kai Alkasum, ƙafafu a kumbure. Ya faɗa wa baƙon komai, tiryan-tiryan, ko inda-inda babu. Baƙon ya zura masa roba a mafitsara, fitsari ya zubo, amma ya gaya wa Shatu ƙoda ta riga ta lalace.

Bai ga girbin gero ba. Mutari na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ko a wajen zaman makoki a bakin tabarma ya tsuguna, takalminsa a hannu.

Kai da ka ji, da kai ne a bakin ƙofar nan, me za ka ce da surukinka ya tambaye ka lafiya?