Hannuwan Yaya Mamman

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar wana, Mamman, kuma har yau in na ji warin kwalta sai abinci ya fita raina.

Lokacin da aka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau, shi aka ba aikin dafa kwalta. Ya kan tafasa ta a ganga, ya shafe katakon gada da ita don kada gara ta ci. Ya san halinta sarai: sai ta sha wuta sosai take narkewa, in ta kama kuwa da ƙasa ake kashe ta, ruwa sai dai ya sa ta fantsama. Abin da ya gagare shi, fitar da ita daga hannunsa.

Damuwarsa alwala ce. Sau biyar a yini yana dirzar hannu da yashi da kananzir har fata ta tsage. Inna ta ce ya sassauta, ya ce, "Inna, mi za ni ce ma Allah in ruwa bai taɓa fata ba?"

Da ya dawo gida Bunguɗu, mu shida ne a akushi ɗaya. Ni na fara yamutsa fuska, na ce tuwo na warin ganga. Washegari aka zuba masa nasa daban. Ya ɗauka ya koma gindin rumbu. Aikin jirgi ya ƙare, warin ya tafi, shi bai dawo akushinmu ba, ni kuma girman kai ya hana ni kiransa.

Yanzu leburorin titi na sa safar hannu, kuma wani cikinsu ya gaya mini man gyaɗa na cire kwalta ba tare da cin fata ba. Man gyaɗa! Inna da ke soya ƙuli-ƙuli kowane mako, duk lokacin nan tulun man na nan bakin ɗakinta. Da Mamman ya ji, na san dariya zai yi. Ni kuka na yi.

Turakun rumbunmu da ya shafe da kwalta suna nan, gara ta cinye na maƙwabta ta bar su. Can nake kai akushina yanzu, ni kaɗai. Ni na yi masa wanka ranar da ya rasu, na cuɗa hannuwan nan a hankali har ruwa ya ratsa ko'ina. Ranar ce na fara riƙe su.