Direban Da Bai Ga Wasan Ɗansa Ba

Aikin Baba Direba shi ne kai 'yan ƙwallo filin wasa da dawo da su. Tun yana da baƙin gashi yake tuƙa bas ɗin kulob ɗin masu koriyar riga, yanzu furfura ta kai har gemu, amma bai taɓa zama ya kalli wasansu ba. Haka aikin yake. Da ya sauke su sai ya juya motar ta fuskanci ƙofar fita, ya tsaya a jikinta. Idan 'yan kallo suka fusata aka fara jifa, babu mai lokacin neman direba.

Ɗansa na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta, shi ne gola na biyu a kulob ɗin. A benci ya cinye kakar wasan, ko sau ɗaya bai tsaya a raga ba. Kwantiraginsa zai ƙare ne da wasan ƙarshe na kofin ƙasa, kuma koci ya faɗa a gaban kowa cewa akwai wani gola da ake shirin ɗaukowa, sai dai in Auta ya nuna abin da zai sa a fasa. Ga matar Auta da tsohon ciki a gida.

Ranar wasan, Baba ya ajiye motarsa a bayan doguwar katangar filin, kusa da bas ɗin abokan karawarsu, masu jar riga. Direbansu wani ƙato ne mai yawan dariya, ana ce masa Birki. Shi ne mai rediyo, don ta motar Baba ta daɗe da mutuwa.

"Tsoho, ka sha mai sosai kuwa?" in ji Birki. "Motar da ta koma babu kofi nauyi take yi a hanya."

"Kai dai duba tayarka ta baya, ɗan nan. Da ku da kofin duk a gefen titi za ku kwana."

Suka jingina da inuwar motar Birki suna saurare. A wurin nan ihun jama'a yakan riga rediyo isowa. Sai katangar ta ɗauki kuwwa, mutum bai san ta murna ba ce ko ta takaici, bai san ta wane ɓangare ba ce, har mai sharhi ya kamo zancen.

An dawo daga hutun rabin lokaci ana ɗaya da ɗaya. Can sai filin ya yi tsit. Rediyo ta ce golan masu koriyar riga ya yi karo da ɗan wasan gaba, an fitar da shi a kwance, gola na biyu yana saka safar hannu.

Birki ya daki jikin motarsa. "Shi ke nan, sun sako mana ɗan koyo!"

Baba ya taka zuwa ƙaramar ƙofar da 'yan wasa ke shiga. Mai gadin ya san shi, ya buɗe masa, ya ce ya leƙa ko na ɗan lokaci ne. Daga nan ana hango kore-koren ciyawa a ƙarshen lungun. Sai ga robar ruwa ta faɗo ta saman katanga, wata ta biyo ta, sannan dutse ya sauka kusa da gilashin bas. Baba ya yi wa mai gadi godiya, ya koma wajen mota, ya tayar da inji.

Auta ya kama ƙwallo ta farko da aka buga masa. Ya ture ta biyu waje, aka ba da bugun kusurwa. Ihun da ya biyo baya sai da ya girgiza tagogin motocin. Baba ya ƙura wa rediyon ido. Mai sharhi ya ce ƙwallon ba ta da wani ƙarfi, golan ya fito ya kama ta, ta zame daga hannunsa ta gangara cikin raga.

Birki ya kama rawa da makulli a hannu. "Wannan hannu ne ko sabulu? Kai, wa ya haifi wannan yaro?"

"Ni ne," in ji Baba.

Birki ya tsaya cak. Ya rage muryar rediyon. "Baba, wallahi ban sani ba. Ka yafe mini."

"Ƙara muryar. Ai ba a tashi ba."

Aka tashi biyu da ɗaya. Ana can ana miƙa wa masu jar riga kofi, koci ya riga kowa fitowa, rigarsa sharkaf da gumi. Ya hau motar Baba ya zauna a kujerar gaba.

"Baba, gobe Auta ya kawo kayan kulob ofis," ya ce. "Kai za ka faɗa masa. Daga bakinka zai fi masa sauƙi."

"Ranka ya daɗe, yau ne fa karonsa na farko a raga."

"Na sani. Ba ni kaɗai na yanke ba."

'Yan wasa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da jakarsa, babu mai kallon wani. Auta ne a ƙarshe, bai ko cire safar hannun ba. Ya zo daidai matakala ya ɗago kai.

"Baba, ka ji?"

"Na ji. Shigo, ana jifa."

Ya ja ƙofar ya rufe, ya saka giya.