Tiren Ganyen Kaka

Ina cikin yanka ganyen kuzbara na ɗaga kai, sai na ga wata 'yar jar fitila tana kallona daga saman firij. Kyamarar jikar gidan ce. Duk zatona ajiye ta kawai aka yi. Wuƙar ta suɓuce mini ta faɗa cikin tire.

Gidan a unguwar Ruwais ta Jidda yake, na wani maƙerin zinari ɗan Armeniya. Aikina kula da mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Kaka. Yaƙi ne ya koro ta daga ƙauyensu na kan duwatsu a Karabak. Ni dai ban taɓa jin sunan wurin ba sai a gidan, ko a Bagdadiyya da nake cefane ban haɗu da wanda ya san an yi yaƙin ba. Abin da ya kawo jikar daga Bairut ke nan. Tana bin mutanensu da suka watse tana ɗaukar bayaninsu, ta haɗa fim duniya ta gani.

Sai dai Kaka ta ƙi kyamara. Da an zaunar da ita an haska mata fitila, sai ta tsuke baki ta kalli bango. Amma idan muka zauna ni da ita muna gyaran ganyen da take cusawa a gurasarsu, bakinta ba ya hutawa. Da yarensu take yi, ko kalma ɗaya ba na ji. Ni kuma sai in mayar mata da Hausa, in ba ta labarin garinmu da 'yan bindiga suka tashe mu, da rijiyar ƙofar gidanmu, har da yadda na gudo daga gidan kafilina, mutumin da ya ɗauko ni aiki ƙasar nan. Na saki jiki ne don na san ba mai fahimta.

Kafilin nan ya kai rahoton na gudu, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu. Duk wanda ya gane ni, sai gidan tarhil, inda ake tsare mutum kafin a mayar da shi ƙasarsu.

Bayan na ga fitilar, jikar ta shigo idonta jawur. Da Larabci muke magana da ita.

“Tun yaushe take kunne?” na tambaye ta.

“Tun da kuka zauna, habibti. Kin san me ta gaya miki? Ta ce a jikin ƙofa ta bar makulli ranar da suka fito, don kada sojoji su ɓalle ta, kakana ne ya sassaƙa ta. Ko babana bai taɓa jin wannan ba.”

“Ki goge, don Allah.”

“Zan rufe fuskarki.”

“Muryar fa?”

Muryoyinmu a sarƙe suke, Kaka na faɗa ina faɗa, ba yadda za a zare tawa a bar tata.

Da na koma ɗakinmu a Kurayyat na gaya wa Gwaggo, ƙanwar babana da ta ɓoye ni tun gudowata. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

“To, 'yar fim! Sannu da ɗaukaka. Hausawan Jidda nawa ne ba su san muryarki ba, ke da ba kya gajiya da surutu? Ranar da za a zo kwasarmu sai ki ce su ɗauko mu ta gefen da muka fi kyau.”

Ta yi dariya, amma na ga ta fara ƙulle kayanta a zani.

Kwanakin da suka biyo baya ko ƙarar mota na ji a lungu sai in miƙe in leƙa. Jikar ta gwada zama a kujerata da tiren ganye, ko Kaka za ta maimaita. Kaka ta karɓe wuƙar daga hannunta, ta nuna mata ba haka ake yanka ba, ta ja bakinta ta rufe. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallo. Na so in ce a bar fim ɗin yadda yake, wallahi na so. Na tuna ƙullin Gwaggo, na fasa.

Ranar da jikar za ta tafi, bayan la'asar, ta kira ni kicin ta buɗe kwamfutarta. Na ga kaina ina dariya, ga Kaka tana murza makulli a iska da yatsunta. Jikar ta danna, ta sake dannawa, hoton ya ɓace.

“Halas,” ta ce. “Babu shi a ko'ina. Ba abin da zai same ki.”

Ta rungume ni sama-sama ta fita.

Kaka ta turo mini tire, ta miƙo wuƙa, ta ɗauko zancenta daga inda ta tsaya. Na waiga saman firij, ba komai sai kwalbar zaitun. Ta daɗe tana magana, har da hawaye, ni kaɗai a gabanta, ni da ban san me take cewa ba.