Baffa Dakta da Baƙon Jini

Baffanmu Dakta bai taɓa zama ajin koyon likitanci ba, ko da kuskure. Shi da Babana 'yan maza zar ne, iyayensu wa da ƙane. Sunan ya samo shi ne a wani kantin magani, inda ya yi shekaru yana shara da goge kwalabe. Da mai kantin ya gano yana ba wa masu saye shawara a bayan idonsa, ya sallame shi, shi kuma ya fito da farar riga wadda ba tasa ba da biro uku a aljihu, waɗanda har yau ban ga ya yi rubutu da ɗayansu ba.

Daga nan ya kafa tebur a bakin titi kusa da tashar mota. Gilashin karatu a jere kan allo, sikelin awon nauyi a ƙasa, sai na'urar awon hawan jini da robarta ta tsage aka naɗe da salatif. Duk wanda ya miƙa masa hannu jininsa ya hau. Ban taɓa jin mutumin da ya tashi daga bencin nan da lafiyarsa ba. In ka yi gardama sai ya sauke gilashi zuwa kan hanci ya ce, "Kimiyya ba ta ƙarya," shi ke nan an rufe magana.

A dangi kuwa shi ne ɗan rakiyar asibiti. Ba mai kiransa, ji kawai yake yi ya zo. Yana gaba marar lafiya na baya, yana ɗaga wa nas-nas hannu kamar tare suka yi makaranta. A ƙofar likita sai ya juyo ya ce mana, "Ku tsaya a waje, maganar ta fi ƙarfinku." Turancinsa kalma ɗaya yake kamawa a cikin biyar, sauran huɗun ya cike da nasa. Shi ne ya sa Gwaggo, ƙanwarsa, ta kwana biyu tana kuka tana neman gafarar mutane, wai gwajinta ya fito nagetif, wato ba a ga cuta ba, kuma a cewarsa duk abin da aka ce nagetif to babu alheri a ciki.

Wannan duk dariya muke yi. Na Babana ne ya wuce dariya.

Baba kafinta ne, mai muryar da ke danne ƙarar zarto. Tun rasuwar Umma ni da Iya, mahaifiyarsa, muke kula da shi. Da muryar ta fara dushewa, haɗiya ta zama wahala, wani ƙullutu ya fito a gefen wuyansa, Baffa Dakta ya latsa wurin da yatsa biyu ya ce ƙurar katako ce, a yi ta kurkure da ruwan gishiri. Watanni aka yi ana kurkura. Da muka je asibiti daga baya aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka yi aiki, aka huda wuyansa aka sa masa roba ta numfashi, magana ta tsaya sai yadda hali ya yi.

Likitar da ke duba shi ba ta jin Hausa. Ita da abokan aikinta suna wani bincike a kan irin wannan ciwon, suka nemi izinin Baba su ɗauki 'yar tsokar da aka yanke su karanta DNA ɗin da ke ciki. Baba ya gyaɗa kai. Ranar da sakamako ya fito, ina zaune a kan bencin ƙarfe a baranda, warin maganin goge ƙasa na hawa mini kai, Baffa Dakta ya tura Baba ciki a keken marasa lafiya ya rufe ƙofa a fuskata. Ni tela ce, Turancina na awon kafaɗa da ƙugu ne, don haka na zauna kamar yadda aka ce.

Da ya fito sai ya cire gilashi yana gogewa da gefen farar rigar, yana girgiza kai. Ya jira har muka koma ɗakin marasa lafiya, inda Gwaggo da wasu 'yan uwa suka zo dubiya, sannan ya yi gyaran murya.

"To, an duba DNA ɗinsa," ya ce. "An samu baƙon abu a ciki. Likita da bakinta ta ce ba daga ubansa ya samo shi ba."

Gwaggo ta ce, "Kamar yaya, Yaya Dakta?"

"Ni dai na faɗi abin da na ji. Kowa ya san abin da ake gwajin DNA a kansa. Kimiyya ba ta ƙarya."

A wurinmu DNA abu ɗaya take nufi, abin da muke ji a rediyo in miji ya ce ɗan nan ba nasa ba ne. Iya tana zaune a kujerar roba kusa da gado tana matse tsumma, tsohuwa da ta haura tamanin, kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji ba. Baba ya ji. Ya yi ta buga gefen gado da tafin hannu, iska na fita ta robar wuyansa, ba wanda ya san ko ƙaryatawa yake ko tambaya.

Kafin a kwana biyu magana ta zaga dangi. Kakana ya daɗe a ƙasa, ba shi da bakin cewa komai. Nan da nan aka samu masu tunawa: ai dama ya fi kowa tsawo a gidan, ai dama hancinsa daban ne, ai dama an ce lokacin da aka haife shi tsoho yana yawan tafiya. Mutanen da suka ci abincin hannun Iya tun suna yawo ba wando suka koma shigowa dubiya su gaida bango. Masu durƙusa mata suka koma ɗaga hannu daga nesa. Baffa Dakta kuwa kullum yana nan, yana ɗaga ledar ƙarin ruwa yana dubawa da fuskar mai tausayi. Har ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri, ba laifina ba ne, shi har yanzu 'ya ya ɗauke ni. Wallahi saura kaɗan in shaƙe shi da rigar aron nan.

Iya a bakin matar da ke jinyar mijinta a gado na gaba ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina cin abinci, ta daina ɗaga kai in an shigo.

Ranar nan na tare babbar nas ta ɗakin a wurin wanke hannu, mace mai jiki da ba ta son wasa, kuma tana jin Hausa sarai. Na tambaye ta kai tsaye ko gaskiya ne gwaji ya nuna Babana ba ɗan ubansa ba ne. Ta fara dariya, da ta kalli fuskata sai dariyar ta koma faɗa.

"Wane mahaukacin ne ya ce haka? Wa ya ga jinin kakanki balle a gwada? Zo nan."

Ta zaunar da ni a ɗan ofishinsu. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta, HPV, da kan shiga maƙogwaro. Wani lokaci ɗan guntun DNA ɗinta kan maƙale a cikin na mutum, a wurin da ciwon yake kawai, shi ne masu binciken suke karantawa harafi bayan harafi don su ga inda ya shiga. "Ke tela ce ko? Kamar ki ɗinka riga da yadi ɗaya, wani ya zo daga baya ya soka ƙyallen wani yadin a wuya. Rigar ta canza mai ita ne?" Ta ce abin da likita ta faɗa shi ne ciwon ba gado ba ne, ba daga uba ba kuma ba daga uwa ba. Baffa Dakta ya riƙe uba ya yar da uwa a hanya. Ta ƙara da cewa irin wannan ciwon ya ma fi jin magani, kuma likita ta faɗa masa haka. Wannan albishir ɗin bai ko iso baranda ba.

Na miƙe zan je in tara dangi, ta riƙe hannuna. Ta ce in tsaya, bayanin ba zai cika ba sai an faɗi yadda ake ɗaukar ƙwayar, ta hanyar saduwa ne. Yawancin manya sun taɓa ɗauka ba su sani ba, takan tafi da kanta, a jikin wasu kuma ta yi shekaru da dama a ɓoye. "Amma kin san mutane," ta ce. "Sirrin babanki ne. Sai in ya yarda."

Na sunkuya a kunnen Baba na faɗa masa duka, har da abin da za a koma faɗa a kansa. Bai ɗau lokaci ba. Ya nuna ƙofa da hannu, ya yi alamar a kira kowa.

Aka taru a gefen gadon, likita na magana, nas na fassarawa da ƙarfi yadda Iya za ta ji. Baffa Dakta fa? Sai ga shi ya matsa kusa da likitar ya goya hannu a baya, yana gyaɗa kai a kan kowace jimla kamar tare suka yi binciken. Da aka gama ya juyo gare mu.

"Ai abin da na ce ke nan. Baƙo. Ku ne ba ku gane kimiyya ba, kuka kai maganar wani wuri."

Duk dangin da ke wurin da bakinsu a cikin gulmar. Suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan zai kama mota, waccan ta bar yara. Ko mutum ɗaya bai durƙusa gaban Iya ya ce ta yafe ba. Ina jiyo Baffa Dakta a baranda ya rage murya yana cewa Gwaggo, "To amma abin tambaya, a ina ya kwaso cutar?" Har gobe yana nan a bakin tasha da teburinsa, kuma na ji an ce yanzu har bayanin DNA yake wa fasinjoji kyauta.

Da ɗakin ya yi shiru na ce, "Iya, kin ji ko? An wanke ki."

Tana matse tsumma a roba, ba ta dube ni ba. "Dama datti na yi?"

Ta jawo kujerarta kusa da gadon ta dubi Baba.

"Su ban damu da su ba, na san su tun suna majina. Kai ne. Shekaran jiya ka ɗauka barci nake. Na gan ka ka buɗe hoton babanka a waya, kana kallo kana shafa hancinka."

Baba ya buɗe baki. Leɓensa suka yi ta motsi, ba abin da ya fito sai fitar iska ta robar. Ya kama gefen zaninta, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Iya ta zare zanin daga hannunsa a hankali, ta ninke tsumman.

"Ɗaga haɓarka," ta ce, "in goge maka wurin."